Ungulu da Gidanta na Tsamiya: Tsuntsaye Mafarauta da Kusantar Ɗan Adam a Lokacin Kwanci

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kazaure zuwa Roni a cikin watan Fabrairu zai tarar an kwashe amfanin gona, an ɗaure karan dawa da na gero an jingine, ƙasa ta yi fari fat, ba sauran kore sai na itatuwan da manoma suka bari a tsakiyar gonakinsu. Mafi ɗaukar ido a cikinsu shi ne gawo, domin shi al'adarsa daban ce: yana kaɗe ganye da damina, ya yi sabo da rani. Saboda haka makiyayi ba shi da aboki a wannan lokaci kamar gawo. Sai ya saɓa gatari ya hau, ya yi ta datse rassa, awaki da tumaki suna ƙasa suna jira. Aikin yakan ɗauki rabin sa'a ko fiye. In akwai sheƙar ungulu a can ƙololuwa, ba lalle ba ne ma ya lura da ita, don tun yana kama hawa mai kwancin ta sulale ta tashi, ba kuka ba hayaniya, ta koma wani itace can nesa ta zuba ido. Shi a ganinsa bai taɓa kome ba. Amma a cikin wannan rabin sa'a, ƙwai ɗaya tak da ungulun ta saka yana shanye a rana, hankaki kuma suna shawagi a kusa.

Ungulu da shirwa da shaho da gaggafa da mikiya da mujiya, duk masana suna haɗa su a rukunin tsuntsaye mafarauta, saboda lanƙwasasshen baki da kaifin gani da cin nama, ko da yake ungulu mushe take ci ba kisa take yi ba. Ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, tana da irin wuraren da suke nema su yi sheƙa. Akwai manyan itatuwan gona, watau tsamiya da ɗorawa da gawo da kuka, waɗanda ungulu da shirwa suke so. Akwai duwatsu a wajen Kazaure da Roni, kuma kogunan dutse su ne mazaunin shahon da masana ke kira Falco biarmicus, wanda ba ya gina sheƙa da kansa, sai dai ya yi ƙwai a dandamalin dutse ko ya gaji tsohuwar sheƙar hankaka. Mujiya mai farar fuska kuwa ta fi son rufin tsofaffin gine-gine da kogon itace. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare da yake nesa da mutane. Ƙasa ce ta noma, an nome ta ciki da bai, saboda haka tsuntsun da zai hayayyafa a cikinta dole ya yi haka a gaban idon ɗan Adam.

Lissafin tsoro

Tun a cikin shekarun 1930 wani masanin dabbobi mutumin Suwizalan, Heini Hediger, ya lura cewa kowace dabbar daji tana da tazarar da za ta ƙyale abin tsoro ya kusance ta, in ya ƙetare wannan iyaka sai ta gudu. A shekarar 1986 Ydenberg da Dill suka yi bayanin abin da ke tsayar da wannan tazara. A cewarsu gudu yana da tsada, zama ma yana da tsada. Tsuntsun da ya tashi da wuri ya bar abincinsa ko ƙwansa ba gaira ba dalili. Wanda ya yi jinkiri kuma yana iya rasa ransa. Saboda haka yakan tashi ne daidai lokacin da haɗarin zama ya rinjayi asarar da ke cikin tashi. Ba wai tsuntsu yana zama ya yi lissafi kamar ɗan kasuwa ba ne. Halittarsa ce aka gina a kan wannan awo. A 2002 kuma Frid da Dill suka ƙara da cewa dabba tana ɗaukar mutumin da ya nufo ta tamkar maƙiyi mai cin namanta, ko da kuwa shi wucewa kawai yake yi. Shaho bai san niyyar zuciya ba. Abin da ya sani shi ne girman abin da ke tahowa, da saurinsa, da ko ya miƙo sosai ne ko ya ratse, da ko ya ɗaga kai ya kafa masa ido.

A lokacin kwanci wannan awo yakan ƙara nauyi, domin a gefe ɗaya ga ran uwa, a ɗaya gefen ga abin da ke cikin sheƙa. A nan ne tsawon rai yake shigowa. Ƙaramin tsuntsu da bai fi shekara biyu ko uku a duniya ba, ƙwan da ke gabansa watakila shi ne rabonsa duka. Ungulu ko mikiya kuwa tana da shekaru masu yawa a gaba, saboda haka ya fi mata riba ta tsira da ranta ta sake gwadawa baɗi. Wannan ne ya sa manyan tsuntsaye mafarauta, duk da ƙarfinsu da kwarjininsu, su ne suka fi saurin barin sheƙa, musamman a farkon lamari, watau lokacin gini da makonnin farko na kwanci, sa'ad da wahalar da suka zuba ba ta yi yawa ba. In ɗa ya ƙyanƙyashe ya fara girma, da wuya iyaye su yashe shi.

An gwada wannan a fili. A Jihar Idaho ta Amurka, White da Thurow sun riƙa damun wasu sheƙuna na wani babban shahon fili da gangan a lokacin kwanci, suka bar wasu ba su taɓa ba don kwatance. A rahoton da suka buga a 1985, kashi ɗaya bisa uku na sheƙunan da aka dama iyayen sun gudu sun bar su, waɗanda suka daure kuma 'ya'yan da suka fitar ba su kai na sauran yawa ba. Ba a taɓa ƙwai ba, ba a harbi tsuntsu ba. Masu binciken suka ba da shawarar a bar tazarar mita 250 tsakanin sheƙar wannan shaho da ayyukan mutane.

Abin da ke faruwa a cikin sheƙa

Akwai wata magana da yara suka gada, wai in ka taɓa ƙwan tsuntsu uwar za ta ji warin hannunka ta ƙi komawa. Masana sun daɗe suna auna ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye da hannu iyaye suna komowa, saboda haka ba wari ne matsalar ba. Matsalar ita ce tsawon lokacin da sheƙa ta yi ba kowa a kanta.

Ɗan tayin da ke cikin ƙwai yana bukatar ɗumi na wajen digiri 36 zuwa 38 a ma'aunin santigireti. Yana iya jure sanyi na ɗan lokaci, girmansa ya tsaya, in ɗumi ya komo ya ci gaba. Zafi ne ba ya jurewa: in cikin ƙwai ya haura digiri 41 ko 42 ya daɗe a haka, ɗan tayi ya mutu ke nan. To, a wannan yanki, zafin inuwa kansa yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, balle ƙwan da rana take duka kai tsaye a saman itacen da aka datse wa rassa. Da tsakar rana a ƙasar zafi, uwar da ke kan sheƙa sau da yawa ba ɗumama ƙwai take yi ba, inuwa take yi masa. Haka kuma ɗan da bai yi gashi ba. Tsuntsu ba ya gumi, sai dai ya buɗe baki ya yi ta haki, haki kuwa yana ƙarar da ruwan jiki, ɗan da ke cikin sheƙa kuma ba shi da inda zai sami ruwa sai a cikin abincin da aka kawo masa. Da hunturu lamarin yakan juye: da asubahin Disamba da Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ga iska tana kaɗawa.

Sai kuma hankaka. Shi wannan tsuntsu mai farin ƙirji ya ƙware wajen lura da motsin mutane da na sauran tsuntsaye, kuma ya fi uwar sheƙa ƙarfin hali a gaban mutum. Da mai hawa ya sauka ya ba da baya, sau da yawa hankaka yakan riga mai gida isa. Sara biyu ko uku sun isa.

Akwai kuma asarar da ido ba ya gani da sauri. A bakin kogin Gulkana na Alaska, Steidl da Anthony sun kafa tanti a tazarar mita 100 daga sheƙunan mikiya mai farin kai, suka kwatanta da lokacin da suka kafa a mita 500. Mikiyoyin ba su gudu ba. Amma sun rage barci, sun rage gyaran gashi da gyaran sheƙa, abincin da ake ci a sheƙa a yini kuma ya ragu da kusan kashi uku cikin goma, kamar yadda aka buga a shekarar 2000. Wanda ya wuce ya ga mikiya zaune zai ce lafiya lau. A kan wasu tsuntsayen teku ma an taɓa sanya ƙwan roba mai na'urar sauraron bugun zuciya a ƙarƙashin mai kwanci, aka tarar zuciyarta tana ƙara sauri sosai in mutum ya matso, alhali ko gezau ba ta yi ba. A cikin jini, sinadarin firgici da ake kira kotikostiron yana hawa, in firgicin ya daɗe kuma sai furolaktin, wanda shi ne yake riƙe uwa a kan ƙwai, ya yi ƙasa. Zaman tsuntsu shiru dai ba shaida ba ce ta kwanciyar hankali.

In 'ya'ya sun kusa tashi, haɗarin yakan canza kama. Ɗan da ya firgita yana iya yin tsalle daga sheƙa tun fukafukansa ba su yi ƙwari ba, ya faɗo hannun karnuka ko yara. Ɗan ungulu kuma yakan amayar da abin da ke cikinsa in an matsa masa, abincin da iyayensa suka yi yini guda suna nema.

Masu faɗa da masu shiru

Ba duka ne suke sulalewa ba. Shaho yakan tashi sama ya yi ta ƙara, ya riƙa kawo sura yana wucewa ta kan mai kutse. Wasu mujiyoyi sun fi haka zafi: a 1937 wata mujiya ta ƙasar Birtaniya ta fyaɗi Eric Hosking, shahararren mai ɗaukar hoton tsuntsaye, a kusa da sheƙarta, ya rasa idonsa na hagu. A birnin Delhi na Indiya kuwa, inda 'yar'uwar shirwar nan take da yawa ƙwarai, Nishant Kumar da abokan aikinsa sun yi nazarin shirwar da ke kai wa mutane hari a kusa da sheƙa. Sakamakon da suka buga a 2018 da 2019 ya nuna cewa masu kai harin sun fi yawa a unguwannin da shirwa ta fi sabawa da mutane, inda shara ta yi yawa kuma ake jefa mata nama don neman lada. Sabo ya rage mata tsoro, rashin tsoron kuma ya zama faɗa da zarar ta yi 'ya'ya.

Hausawa sun san ƙarfin halin shirwa, tsuntsuwar da za ta sure ɗan tsako a gaban mai shi, ko ta fizge tsoka daga faifan mahauci. Irin wannan tsuntsuwa tana sanar da kowa inda sheƙarta take, kuma ƙwai biyu ko uku take yi, ta yi kwancin wajen wata guda, 'ya'ya su tashi bayan mako shida ko bakwai. Wanda ya kamata a fi jin tsoro a kansa shi ne wanda ba ya cewa kome.

Tun da ana maganar sabo, ya kamata a fahimci iyakarsa. Tsuntsu yana sabawa da abin da yake maimaituwa a hanya ɗaya ba tare da cutarwa ba: motocin da ke bin titin Kano zuwa Daura, matan da ke zuwa rijiya, manomin da ke wucewa da jakinsa kullum. Nazarin da aka yi a kan mikiyar ƙasar Sifen, wanda aka buga a 2006, ya tarar cewa mai tafiya a ƙasa ya fi mota tayar da tsuntsu daga sheƙa. Abin da ba ya sabuwa shi ne mutumin da ya bar hanya ya nufo gindin itacen, ya tsaya, ya ɗaga kai, sa'annan ya kama hawa. Inda kuma ake harbi da danƙo ko ake kwasar ƙwai, tsuntsaye sukan koyi akasin sabo, tazarar gudunsu ta ƙaru. Da wannan za a gane cewa itacen da ke bayan gidan mutum, wanda ake kai-da-kawo a ƙarƙashinsa amma yana da mai shi da ke hana hawa, yana iya fin na dokar daji aminci.

Inda lokuta suka haɗu

Ƙaramar ungulun gari, Necrosyrtes monachus, da rani take hayayyafa a Afirka ta Yamma. Ƙwai ɗaya take yi. Mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci har wajen kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa, bayan ya tashi ma ya ci gaba da dogara ga iyaye na wasu watanni. In aka haɗa, sheƙa ɗaya tana bukatar kusan rabin shekara na zaman lafiya kafin ta fitar da tsuntsu ɗaya.

Sai mai karatu ya ɗora wannan a kan ayyukan da ake yi a bisa itace a tsakanin kaka da faɗuwar ruwa. Ana kaɗe tsamiya da rani. Ana datse gawo tun daga hunturu har bazara, abin kuma yana ƙara tsanani yayin da harawa da kara suke ƙarewa. Ɗorawa tana nuna a wajen Afrilu, a hau a tsinko. Masu zuma suna ɗora amya a kan manyan rassa, su komo da dare da wuta da hayaƙi. Masu itacen girki da masu gawayi sun fi samun sarari da rani. A kan duwatsu kuma, rani ne lokacin fasa dutse, daidai sa'ad da shaho yake kwanci. Ba ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya fito da nufin cutar da tsuntsu, kowa abincinsa yake nema, kuma ba adalci ba ne a ce wa makiyayin da dabbobinsa suka rame ya bar gawo gaba ɗaya. Sai dai itacen da tsuntsu ya zaɓa, watau mafi girma da yawan rassa, shi ne kuma wanda mutum ya fi so.

Akwai kuma masu hawa da gangan. A yankin Garango na Barkina Faso, ƙasar gonaki mai ɗorawa da gawo da tsamiya kamar wannan, Clément Daboné da abokan aikinsa sun bi diddigin sheƙunan ungulu daga 2013 zuwa 2015. Kimanin ɗaya cikin kowane biyar ya lalace ne a hannun mutane, masu ɗauke ƙwai da 'ya'ya har da kayan sheƙar kansu don haɗa magani da tsubbu. Wani bincike na Saidu da Buij da aka buga a 2013 ya nuna cewa cinikin sassan ungulu ya bazu a kasuwannin arewacin Nijeriya, kuma wannan ƙaramar ungulu ce aka fi sayarwa, duk da dokar kare dabbobi masu fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016.

Sakamakon a bayyane yake. A farkon shekarun 1970, lokacin da Peter Mundy da Allan Cook suke nazarin ungulu da sheƙunanta a Sakkwato, ɗaruruwa ne suke taruwa a mayankar garin. Dattawan kowane gari na ƙasar Hausa suna tuna irin wannan taro a kwata da ranar kasuwa, yaran yau kuwa da yawa ba su taɓa ganin ungulu ido da ido ba. Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsaye mafarauta a kan hanyoyin Mali da Barkina Faso da Nijar daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandun daji. A 2015 aka sanya ƙaramar ungulu a jerin halittun da suke dab da ƙarewa a duniya. A 2024 kuma wani babban nazari ya nuna cewa daga cikin nau'o'i 42 na tsuntsaye mafarauta na filayen Afirka, 37 suna raguwa. Guba da farauta da ƙarancin abinci da sare itatuwa duk suna da hannu, damun sheƙa ɗaya ne daga cikinsu. Amma ga tsuntsun da ɗa ɗaya yake fitarwa in an yi sa'a, kowace sheƙa da ta mutu giɓi ne mai wuyar cikewa. Ana cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, maganar kuwa tana da tushe, domin takan koma itace ɗaya shekara da shekaru in ba a tashe ta ba. Mushen da take kwashewa a bayan gari, da ɓerayen rumbu da mujiya take ragewa, da farar da shaho da shirwa suke ci, aiki ne da ba wanda yake biya.

Aikin da ɗalibi zai iya yi

Malamin kimiyyar halittu a Gwiwa ko Babura ba ya bukatar kayan aiki masu tsada kafin ya koyar da wannan darasi. Ana iya auna tazarar gudu a kan shirwa ko hankakan da ke zaune a turken lantarki ko a juji, nesa da kowace sheƙa. Ɗalibi ya fara sanin tsawon takunsa ta hanyar taka mita 10 da aka auna. Sa'annan ya nufi tsuntsun da tafiya madaidaiciya, ya ajiye dutse a inda yake sa'ad da tsuntsun ya ɗaga kai, ya ajiye wani a inda yake sa'ad da ya tashi, ya ƙirga taku zuwa mazauninsa. In aji guda ya tara awo talatin a cikin gari da talatin a bayan gari, za a sami abin kwatantawa.

Wannan gwaji ba a yin sa a kan sheƙa. Ita sheƙa daga nesa ake kallonta, a zaune, a inda tsuntsun ya daina duban mutum ya koma harkarsa. In ya miƙe tsaye ko ya miƙa wuya, an matso da yawa, sai a ja da baya. Ana gane itacen da ke da sheƙa mai rai da farin kashin da ke zuba a gindinsa, da tsuntsun da ke shiga da tsinke a baki. Abin da za a rubuta shi ne kwanan wata, da irin itacen, da abin da iyaye suke yi, da irin aikin da mutane suke yi a kusa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jami'ar Jos tana tattara bayanan masu sa kai daga ko'ina cikin ƙasa tun 2015 don zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma irin waɗannan rubuce-rubuce suna da amfani a gare ta. Wurin sheƙar ungulu dai ba a shelanta shi a kasuwa ko a intanet, saboda masu neman ƙwai. Wanda ya kamata a gaya wa shi ne mai gonar, a roƙe shi ya ɗage datsar wannan itace ɗaya har ɗan ya tashi, ya nuna wa makiyaya na kusa da shi.